Katin lafiyarsa ƙalau, kai ne ba ka iya ba

Tun da mai gyaran nan ya koma Yamai raina bai kwanta ba. An biya masa kuɗin mota daga can har Sukukutane, ta Dosso da Dogon Dutsi, an yanka masa zabo, ya zauna gaban kwamfuta awa biyu, ya miƙe ya kaɗe wando ya ce: "Wannan kati ya mutu, sai ku sayi sabo." Sabo da me? Da kuɗin geron da ba a girbe ba?

Ga yadda abin yake. Ƙanena ne ke naɗar shirye-shiryen faɗakarwa kan noma a wani ɗan ɗaki, da katin sauti irin wanda ake sokawa cikin kwamfuta. Katin tsoho ne, direbansa Windows XP kaɗai ya sani, shi kuwa XP tun Afrilun 2014 Microsoft ta sallame shi. Da kwamfutar da ke ɗauke da katin ta ƙone, sai aka juya ga wata babba da wasu masu furoje suka bari, mai CentOS 6. Dabarar sananniya ce: a gina kwamfutar aro a cikin ta gaske, a zuba mata XP, sannan a miƙa mata katin kai tsaye, ta riƙe shi kamar nata.

Me gwanin namu ya yi? Ya buɗe wayarsa, ya kwafo umarnin da kowa ke bazawa yau, na vfio-pci, ya buga. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba. Ina za ta sani? VFIO a Linux 3.6 ya shigo, shekarar 2012, aikin Alex Williamson na Red Hat. Kanal ɗin CentOS 6 kuwa, wato zuciyar tsarin, 2.6.32 ne, haihuwar 2009. Ka tambayi tsohuwa labarin TikTok, don ta yi shiru sai ka ce ta kurumce.

Abin da ya fi ci mini rai, wannan tsohon kanal yana da tasa hanyar. Kafin VFIO, KVM, wato mai gina kwamfutar aro, yana miƙa na'ura ta tsohuwar ƙofa: a ƙwace katin daga hannun uwar kwamfuta da pci-stub, a damƙa wa ta aro. Sai a Linux 4.12, cikin 2017, aka toshe wannan ƙofa. Ke nan a injinmu a buɗe take. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami. Kuma ko BIOS bai leƙa ba ya ga ko an kunna VT-d, sashen da ke tsare katin kada ya yi rubutu a inda ba nasa ba cikin ƙwaƙwalwa. Ba VT-d, ko AMD-Vi in injin AMD ne, ba zancen miƙa kati, komai sabuntar kanal. Bai rubuta intel_iommu=on a layin tashi ba. Ni da ba sana'ata ba ce na san wannan, don takaici ya sa na zauna na karanta har cajin wayata ya ƙare.

Masu furoje ma kada su ce na manta da su. Ku kawo inji, ku ɗauki hoto da mai gari, ku kulle shi da kalmar sirrin da ba ku faɗa wa kowa ba, ku tafi. CentOS 6 ya daina samun gyaran tsaro tun Nuwamban 2020. Wa kuka koya wa ya sabunta shi? Wa kuka bar wa ko takarda ɗaya? Kyautar da ba makulli ajiya ce, mu masu gadi ne kawai.

Na san amsar 'yan birni: "A sa Debian 12 mana, kanal 6.1, komai ya wuce." Gaskiya ne, can za mu ƙare, kuma ya fi. Amma mai faɗin haka bai taɓa tsayawa kan tudu da waya a sama yana farautar rezo ba, balle ya sauke tsari sukutum da hasken rana da batir ɗin da ke suma kafin la'asar. Wani kuma ya ce a gwada VirtualBox. To, shi ma tun sigar 6.1 ta 2019 ya jefar da miƙa katin PCI. Da na'urar USB ce da sauƙi, ita ba ruwanta da VT-d.

Katin yana nan naɗe cikin tsumma a akwatin ƙanena. Ranar kasuwa mai zuwa za a kawo mana Debian a filas daga Dutsi. Shi kuwa gwani ya bugo jiya, wai yana da sabon kati na sayarwa, zai yi mana ragi.