Gani Ya Kori Ji

A wasu gidajen tarihi da makarantu na Amurka akwai wata hanya ta koyar da tarihi mai ban sha'awa. Wata mace za ta sa irin tufafin mutanen da, ta riƙe tsohuwar jakar likita, ta tsaya gaban jama'a tana ba da labari da bakin wata likita da ta daɗe da rasuwa. Idan ta gama, masu sauraro su yi mata tambayoyi. A ganina, wannan hanya ta fi haddar shekaru da sunaye amfani, musamman wajen koyar da tarihin matan da suka fara aikin likita a ƙauyukan yammacin Amurka.

Mu ɗauki misalin Susan La Flesche Picotte. An haife ta a 1865 cikin ƙabilar Omaha, a Nebraska. Tana yarinya ta ga wata mata 'yar ƙabilarsu ta mutu, bayan an yi ta aikawa a kira likita Bature bai zo ba. A 1889 ta kammala karatu a kwalejin likitoci mata ta Pennsylvania, ta zama mace ta farko cikin 'yan asalin Amurka da ta sami digirin likita. Ta koma gida tana kula da mutum fiye da 1,000, tana bin su gida-gida a kan doki ko keken doki, ko da dusar ƙanƙara na zuba. Ta yi yaƙi da tarin fuka da shan giya, ta kuma buɗe asibiti a garin Walthill a 1913, shekara biyu kafin rasuwarta.

Haka kuma Susan Anderson. Ta isa ƙauyen Fraser da ke cikin duwatsun Colorado a 1907, ita kanta tana fama da tarin fuka. Da ta samu sauƙi, sai ta shiga yi wa masu yankan katako da ma'aikatan jirgin ƙasa magani. Sau da yawa da itacen wuta ko abinci ake biyanta.

Ɗalibi zai iya karanta duk wannan a littafi, ya manta bayan jarrabawa. Amma idan ya ji mace a gabansa tana bayyana yadda ta tashi da tsakar dare, cikin sanyi, ta ɗaura wa doki sirdi don ta kai ga mai naƙuda, da wuya ya manta. Zai kuma tambayi kansa dalilin da ya sa makarantun likitoci da yawa a wancan zamani suka ƙi karɓar mata.

Wasu malamai suna cewa wannan wasan kwaikwayo ne kawai, kuma mai ba da labari tana iya ƙara gishiri a miya. Tsoronsu yana da tushe. Maganinsa shi ne ta dogara da wasiƙu da rahotannin da likitar ta bari, kada ta sa mata maganar da ba ta faɗa ba.

Mu ma makarantunmu za su iya gwada wannan hanya. Ɗaliba ɗaya ta yi bincike a kan Elizabeth Abimbola Awoliyi, likita mace ta farko a Nijeriya, ta tsaya gaban aji ta ba da labarinta, sauran ɗalibai kuma su shirya tambayoyinsu.