'Yan Riƙau na Can da na Nan: Duk Kanwar Ja Ce

Kwana biyu kun ji ni shiru, wutar NEPA ce da zafin Maiduguri suka haɗu a kaina. Yau dai na ce sai na amayar da abin da ya daɗe yana cina, wanda zai ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Na yi shekaru a Ingila ina kallon 'yan ra'ayin riƙau na Turawa suna kuka da hawayen kada a kan mace Musulma. A cewarsu an danne mu, an ƙunshe mu, sai sun zo sun cece mu. Faransa ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, ta hana niƙabi a 2010, a 2023 ta haɗa har da abaya. Marine Le Pen ta yi kamfe a 2022 da alƙawarin hana hijabi a titi baki ɗaya. Boris Johnson kuwa a 2018 ya kwatanta masu niƙabi da akwatin aika wasiƙa, bai hana shi zama firayim minista a shekara ta gaba ba. Wai duk don 'yancina ake yi, amma ba wanda ya tambaye ni. Na tattara na dawo gida ina murna na rabu da masu yi wa tufafina siyasa. Ashe na gudu ne ban tsira ba, don na tarar da ƙannensu a Facebook da Twitter, da Hausa suke rubutu, suna jan aya, amma sana'ar ɗaya ce.

Ku duba yadda aka yi da 'yan matan Chibok. Ranar 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 276 daga makarantarsu. Kafin a ce kwabo, masu ƙyamar Musulunci a Amurka da Turai sun mai da su hujja: ga abin da addinin nan yake yi wa mata. A nan gida kuma wasu suka dage cewa ba a sace kowa ba, siyasa ce. Iyaye suna kuka, kowa yana cin kasuwarsa. Amnesty ta ce daga farkon 2014 zuwa Afrilun 2015 mata da 'yan mata aƙalla 2,000 Boko Haram ta sace. Da yawansu Musulmi ne, daga Bama da Gwoza da ƙauyukan da ba wanda ya iya faɗin sunansu a Washington. Waɗannan ba su shiga labarin 'yan riƙau na can ba, don sun ɓata musu lissafi. Da Donald Trump ya tashi a ƙarshen 2025 yana maganar kisan Kiristoci a Najeriya, an kashe Kiristoci, gaskiya ne, kuma har yau ina jin zafin Leah Sharibu da aka riƙe tun Dapchi a 2018. Amma mu da muke zaune a garin nan mun san bam bai tambayi addinin kowa ba a Kasuwar Monday.

To, na can ke nan, ba su ne suka fi ba ni takaici ba, don ban taɓa sa ran alheri daga gare su ba. Na gida su ne ciwon.

A 2016 MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda bidiyon waƙa da ta fito da ClassiQ. A Nuwamba 2020 ta sa hoto da rigar da ta buɗe baya, Arewa ta kama da wuta kwana da kwanaki, har ta fito tana kuka tana ba da haƙuri. Ni ba na kare rigar, ba zan sa ta ba, ba zan so 'yata ta sa ba. Amma a ƙarshen wannan watan aka yi wa manoma yankan rago a gonakin shinkafa na Zabarmari, nan kusa da mu, aka binne 43 rana guda. Kowanne ya bar uwa ko mata ko 'ya'ya. An yi ta'aziyya, an yi Allah wadai, kwana kaɗan aka wuce. Wa ya bi sawun matan nan da irin naci da kuzarin da aka bi bayan Rahama?

Ko ku tuna da ArewaMeToo a Fabrairun 2019, lokacin da 'yan mata suka fara faɗin abin da aka yi musu na duka da fyaɗe. Amsar da suka samu ita ce: 'yan feminis, 'yan kwangilar Yahudawa, masu son ɓata sunan Arewa. Har 'yan sanda suka kama Maryam Awaisu a Kaduna. Wato ita wadda ta yi magana ce ta zubar da mutuncin al'umma, shi wanda ya aikata yana nan da babbar rigarsa a sahun gaba.

Abin dariya, idan akwai dariya a ciki, waɗannan masu gadin al'adar su ne suka fi kowa aro daga waje. Da Andrew Tate ya ce ya musulunta a Oktoba 2022, samarinmu suka yi ta kabbara kamar an ci Makka da yaƙi. Mutumin da ya faɗa da bakinsa cewa da sa mata tsiraici a gaban kyamara ya tara kuɗi. Bayan wata biyu aka kama shi a Romaniya, aka tuhume shi da fataucin mata, zargin da yake musantawa. Musuluntarsa tsakaninsa da Allah ne, ba ruwana. Amma yaron da bai gama Ahalari ba ya ɗauko karatun Tate cewa mace kaya ce, ya shafa masa man Larabci, ya zo yana koya mini matsayina a addini, wannan kam ba zan haɗiye ba. Wa ke kwaikwayon Bature a nan, ni ko kai, malam?

Kuma wace al'adar ake karewa? A Borno muke, inda Magira, uwar Mai, take da fada da faɗa a ji tun zamanin Sayfawa. A Sakkwato, Nana Asma'u ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19, ba ta nemi izinin wata ƙungiyar Turawa ba. Mahaifinta Shehu Usmanu ya yi kakkausan rubutu a kan malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. Da yau ya sa irin wannan a Twitter, wallahi da sai an ce masa ɗan boko aƙida.

Kada wani ya ce na tsaya gefe ɗaya. Lokacin da aka hana Firdaus Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a Disamba 2017 saboda hijabinta, ina tare da ita, kuma na yi murna da aka rantsar da ita a 2018, na ƙara murna da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban Legas haƙƙin hijabi a 2022. 'Yan'uwanmu maza sun yi ruwa sun yi tsaki a wannan gwagwarmaya, Allah ya saka. Tambayata ɗaya: me ya sa ƙarfin ke ƙarewa daga an bar maganar mayafi an koma maganar wadda ke cikinsa? Sakin wulaƙanci, uban da ya ƙi ciyar da 'ya'yansa, gadon marayu da baffanni suka cinye, duk Alƙur'ani ya yi magana a kansu dalla-dalla. Ban taɓa ganin sun yi tashe na mako guda ba.

A garin nan akwai matan Knifar, waɗanda aka tsare mazajensu a barikin Giwa shekara da shekaru ba shari'a, suka haɗa kai suna neman a faɗa musu ko suna raye. Akwai Hajiya Hamsatu Allamin da ta yi shekaru tana tattara irin waɗannan mata tana kai kukansu inda ya kamata. Dukkansu da hijabinsu har ƙasa, ba a taɓa ganin bayan kowacce ba, don haka ba su da amfani ga Le Pen, ba su da amfani ga jaruman Facebook. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya shanye Gwange da Fori, su da ire-irensu ne suka kwana a kan titi da goyo, suna dafa abin da aka samu a kan duwatsu uku.

Gwamna Zulum ya sa hannu a dokar hana cin zarafi ta VAPP da ta kare yara a 2022. Ina son in ga samarin nan masu dogon rubutu sun ɗauki mako guda suna tambayar mutum nawa aka hukunta da ita, a wace kotu, kuma nawa aka ware don aiwatar da ita. Data ɗin da za a kashe bai kai wanda aka ƙona a kan rigar Rahama ba.

Wutar ta sake ɗaukewa, batir saura kaɗan. Sai mun haɗu, in Allah ya kai mu.