Ranar da Janareta Ya Mutu a Manawashi

A wannan mako ina roƙon ku yi mini izini mu ɗan ajiye maganar siyasa da tsadar hatsi, mu taɓa zancen kiɗa, domin wani abu da na gani da idona a unguwarmu ta Manawashi, cikin garin Gombe, ya hana ni sakat.

An yi bikin 'yar wani maƙwabcina. Abokan ango suka ɗauko wani saurayi mawaƙi, irin na situdiyo, ya zo da kwamfuta da manyan lasifikoki kamar ƙyauren zaure. Ya kama waƙa murya zaƙwai, yana ambaton amarya da ango, 'yan mata suna ta liƙa masa kuɗi. Ana cikin haka sai janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Kiɗa ya ɗauke, muryar mawaƙi ma ta ɗauke tare da shi, alhali kuwa bakinsa yana motsi. Ashe tun da fari ba daga maƙogwaronsa waƙar ta ke fitowa ba, daga cikin na'ura ta ke. Yaro ya tsaya sororo a tsakiyar fili, yara suka fara dariya.

To, a gefe guda akwai wani tsohon makaɗin kalangu da kakar amarya ta gayyato, shi da 'ya'yansa biyu, tun la'asar suna zaune ba wanda ya dube su. Tsoho ya miƙe, ya saƙala kalangu a hammata, ya ce, "Yaro, matso nan." Saurayi ya ce, "Baba, ai ban shirya ba." Tsoho ya ce, "Mu ma ba mu shirya ba. Ka ba ni magana ɗaya, ni kuma in buɗe maka hanya." Yaro ya faɗi sunan amarya da rawar murya. Kalangu ya maimaita sunan, ƙaramin ɗan ya ɗora kuntuku a ƙarƙashi, mata suka kama tafi, suka mai da sunan amshi. Wata gwaggo ta ɗaga murya ta faɗi sunan kakan amarya, tsoho ya sa shi a bakin kalangu, yaro ya ɗauka ya gina ɗan waƙa a kai. Inda numfashinsa ya ƙare, ko magana ta ɓace masa, sai kalangu ya cike gurbin har ya farfaɗo. Aka yi wajen rabin sa'a haka. Da aka gyara janareta, mata suka ce a bar shi ya huta.

Wannan waƙa ba ta da suna, ba wanda ya ɗauke ta, ba kuwa za a sake jin ta ba har abada. Kuma in an tambaye ni wa ya yi ta, ba zan iya nuna mutum ɗaya ba. Abin da na ke so mu tattauna ke nan, watau kiɗan nan take, wanda jama'a ke ƙirƙira tare a tsaye.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masana waƙar baka sun nuna mana cewa waƙar makaɗa tana da gindi, tana da ɗiya. Gindi shi ne abin da 'yan amshi ke komawa gare shi kullum, ɗiya kuwa su ne abin da jagora ke zubawa tsakanin amshi da amshi. Gindi yana nan daram kamar turke, ɗiya kuwa suna iya sauyawa gwargwadon wuri da lokaci da wanda ya shigo fili. A wajen makaɗan fada masu kotso da taushi, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, 'yan amshi ba aku ba ne masu maimaita abin da aka faɗa kurum. Jagora ya kan fara magana ya sake ta a tsakiya, su kuwa su cafe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. In ba su san zuciyar maigidansu ba, waƙa ta zube.

Amma wanda ya kai wannan fasaha maƙura shi ne Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kowa ya san Shata da shirya waƙa a fili, a gaban jama'a. Ya kan ba 'yan amshi gindi, makaɗa su kama, shi kuwa ya shiga zuba abin da idonsa ya gani da abin da zuciyarsa ta kawo. Shi ya sa in ka saurari Bakandamiya a ɗauka biyu dabam, ba za ka same ta iri ɗaya ba. Mu kan yabi Shata, kuma ya cancanci yabo, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Sai dai mu kan mance da mutanen da ke bayansa, waɗanda tilas su san inda zai juya tun bai juya ba, su san lokacin da za su sassauta gula don a ji magana, da lokacin da za su ƙara wuta don ya sami numfashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da hannun na Shata ne.

Yanzu bari mu ƙetare teku. A farkon ƙarni na 20, a birnin New Orleans na Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka haifi wani kiɗa da a ke kira jaz. Tsarinsa, in ka cire bambancin kayan kiɗa, ba zai ba Bahaushe mamaki ba. A kan fara da karin da kowa ya sani, watau gindi ke nan. Sa'an nan a ba mai busa fili ya ƙirƙiro nasa nan take, sauran suna riƙe masa hanya, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi. Wani lokaci mai ganga da mai busa su yi ta musayar gajerun maganganu, wannan ya faɗa wancan ya mayar. A ƙarshe duk su komo gindi su rufe. Louis Armstrong, ɗan wancan birni kuma babban mabushin wannan kiɗa, ya zo Nijeriya a 1960, har ya gana da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna.

A 1959 Miles Davis ya tara abokan aikinsa a birnin New York, cikinsu har da John Coltrane da Bill Evans, bai ba su cikakken rubutaccen kiɗa ba sai 'yan alamu kawai na hanyar da za a bi. A zama biyu suka ɗauki faifan Kind of Blue, wanda ya zama ɗaya daga cikin faya-fayen jaz da suka fi shahara a duniya. A watan Disamba na 1960 Ornette Coleman ya wuce nan. Ya tara makaɗa 8, ya raba su gida biyu, huɗu huɗu, kowane gida da mai gangarsa, suka yi kiɗa na minti 37 ba tsayawa, kusan ba abin da aka tsara sai 'yan mahaɗai. Faifan ya fito a 1961 da sunan Free Jazz. Wasu suka ce hayaniya ce kurum, wasu suka ce sabuwar ƙofa ce aka buɗe. Daga irin wannan hanya ne Sun Ra ya fito da ƙungiyarsa, waɗanda suka zo Ikko a 1977 don bikin FESTAC.

Wanda labarinsa ya fi shafarmu shi ne Yusef Lateef. An haife shi a 1920, ya girma a Detroit, ya musulunta yana saurayi, ya ƙware a busa iri iri. Bayan ya yi suna a duniya, yana da shekara fiye da 60, sai ya tattara ya zo Zariya. Daga 1981 zuwa 1985 yana Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana koyarwa yana kuma koyo. Ya yi bincike a kan sarewar Fulani, wadda mu ke ganin yaran makiyaya suna busawa a bayan shanu ba mu ko waiwaya. A 1983 ya ɗauki faifai a Ikko tare da makaɗan ƙasar nan, wanda ya fito da sunan In Nigeria, kuma shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa, aka buga a 1987. Ya rasu a 2013. Ku duba fa, jama'a: mutum ya baro Amurka ya zauna shekara huɗu yana neman abin da tsohon nan na Manawashi ke ɗauke da shi a hammata, mu kuwa mun bar tsohon a gefen fili tun la'asar.

Kada wani ya zaci ina cewa kiɗan nan take shi ne kowa ya yi abin da ya ga dama. Sam. Yana da dokoki masu tsanani, ko da ya ke ba a rubuce su ke ba. Ta farko, sauraro ya fi bugu: makaɗin da ke jin kansa kaɗai ya ɓata taro. Ta biyu, a bar wa ɗan'uwa fili, domin shirun da ka yi shi ne ɗakin da zai shiga. Ta uku, in abokinka ya yi kuskure ka rufa masa asiri, ka mai da kuskuren kamar da gangan aka yi, yadda kalangu ya yi wa yaron nan. Ta huɗu, kada a mance da gindi, komai nisan da aka yi. Daɗin daɗawa, wanda bai yi shekaru yana koyo ba, ba shi da abin da zai ƙirƙira. Nan take ɗin da mu ke gani, shekara talatin ce a dunƙule.

Ga inda damuwata ta ke. Wannan ilmi ba a littafi ya ke ba, ba kuwa a iya zuba shi a kwamfuta. Yaro ya kan same shi ne ta tsayawa bayan ubansa ko maigidansa, biki bayan biki, yana riƙe da ƙaramar ganga, har kunnensa ya buɗe. In aka daina kiran makaɗa, yaro ba shi da inda zai tsaya. Da na zanta da tsohon bayan an watse, ya ce mini, "Malam, babban ɗana ya ce gara ya ja Keke Napep, ni kuwa ban ga laifinsa ba." A situdiyo a yau mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta ya kan zama shi ne makaɗi, shi ne ɗan amshi, na'ura kuma ta gyara masa murya. Ba na zagin wannan. Samari da yawa suna cin abinci da shi, akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma na'ura ba ta ganin gwaggon da ta shigo fili, ba ta san kakan amarya ba, ba ta kuma rufa wa kowa asiri.

Saboda haka ina da shawarwari. Masu biki, in kun ware kuɗin lasifika, ku ware na makaɗa, ku kuma ba su lokaci na sosai, ba ragowar dare ba. Gidajen rediyo da talabijin na jihohinmu su keɓe sa'a guda a mako ta kiɗa kai tsaye, ba na faifai ba. Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna zaune a tsakiyar arziki: ga Fulani, ga Tera, ga Tangale, ga Waja, ga Bolewa, ga Hausawa, kowa da kiɗansa. Me zai hana su yi abin da Zariya ta yi, su tara waɗannan makaɗa a fili ɗaya tare da samarin situdiyo, a ɗauki abin da ya fito, a kuma biya tsofaffin a matsayin malamai? Ku kuma samari mawaƙa, ku nemi mai kalangu ko mai goge ko mai sarewa na unguwarku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku roƙi ku tsaya bayansa. Ba zai rage muku komai ba.

Na ji an ce saurayin nan ya koma gidan tsohon bayan kwana biyu, da goro a hannu. Ko zai jure, Allah ne masani. Ni dai fatana shi ne in wani janareta ya sake mutuwa a Manawashi nan da shekara ashirin, a sami wanda zai miƙe ya ce, "Yaro, matso nan."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.