SAƁANI A WURIN AIKI: ABIN DA YA FARU A ZATUS-SALASIL

 

A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan jiya akwai ta wani malamin makarantar sakandare, wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa ko na garinsu. Ya ce shugaban makarantarsu ya tafi ƙaro ilmi na shekara guda. Ranar da zai tashi ya kira mataimakinsa ofis, ya ce masa ya riƙe makaranta. Da ya fito bakin mota kuma sai ya dafa kafaɗar wani dattijon malami, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin, ya ce masa, "Malam, ga amanar yara nan, kai ne babba." Bai rubuta kome ba, ya shiga mota ya tafi. Yau wata huɗu ke nan mutanen nan biyu ba sa ga-maciji da juna. Makullin sito yana hannun wannan, littafin kuɗi yana hannun wancan. An wayi gari an ga jadawalin jarrabawa iri biyu a manne a allon sanarwa, malamai sun rabu gida biyu, 'yan ajin ƙarshe kuwa sun rasa na kamawa. Abin da ya fi damun mai wasiƙar shi ne, mutanen nan a sahu ɗaya suke sallar Azahar, kuma bai taɓa jin an zargi ɗayansu da cin amana ba. Tambayarsa ita ce, a cikinsu wane ne azzalumi?

Amsarmu ita ce, mai yiwuwa ne babu azzalumi a cikinsu. Mun saba, da zarar mun ji ana rigima a ofis ko a masana'anta ko a kanti, sai mu shiga neman mai baƙin hali. Gaskiya ne akwai masu baƙin hali, amma fa rigingimun wurin aiki da yawa tsakanin mutanen kirki suke faruwa, domin ba a bayyana wa kowa inda ikonsa ya fara da inda ya tsaya ba. Wanda yake shakkar haka, to, ya saurari abin da ya auku tsakanin mutanen da suka fi mu kirki nesa ba kusa ba.

A shekara ta 8 bayan Hijira, cikin watan Jimada Lahir, Manzon Allah (S.A.W.) ya tura Amru ɗan Asi da mutum 300 zuwa ƙasar ƙabilun Baliyyi da Uzra, arewa da Madina. Amru a lokacin 'yan watanni ne kawai da musuluntarsa, amma gwanin dabarun yaƙi ne, kuma yana da dangantaka da Baliyyi ta wajen kakarsa. Da ya kusanci abokan gaba ya ga sun fi ƙarfinsa, sai ya aika Madina neman gudummawa. Manzon Allah ya turo masa Abu Ubaida ɗan Jarrahi da mutum 200, a cikinsu har da Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar, ya kuma gargaɗi Abu Ubaida da cewa kada su saɓa wa juna.

To, da rundunonin biyu suka haɗu sai maganar shugabanci ta taso, domin a wancan zamani shugaban runduna shi ne limaminta. Amru ya ce shi ne shugaba, Abu Ubaida gudummawa kawai ya kawo masa. Mutanen Abu Ubaida suka ce a'a, Amru shugaban tasa rundunar ne, su kuma ga nasu shugaban. Mai karatu ya lura, ko wane ɓangare yana da hujja. Amru an naɗa shi tun farko, ba a kuwa tuɓe shi ba. Abu Ubaida kuma yana cikin magabatan farko, ya halarci Badar, shi ma da tutarsa ya fito daga Madina. Babu maƙaryaci a cikinsu, babu mai neman abin duniya. Da Amru ya tsaya a kan bakansa, sai Abu Ubaida ya tuna da gargaɗin da aka yi masa, ya gaya wa Amru cewa ko da shi Amru ya ƙi bin sa, shi zai bi Amru. Ya sallama masa, Amru ya ja su salla, manyan Muhajirai suna bayansa.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Dare ya yi, ga sanyi mai tsanani, Amru ya hana kowa hura wuta. Abin ya ɓata wa Sayyidina Umar rai ƙwarai, har ya yi niyyar ya je ya same shi, amma Sayyidina Abubakar ya tausshe shi, ya tuna masa cewa saboda sanin yaƙi ne aka ɗora Amru a kansu. Umar ya haƙura. Amma kuma ba a binne maganar ba: da aka komo Madina an kai ta gaban Manzon Allah, shi kuwa bai yanke kome ba sai da ya tambayi Amru dalilinsa. Amru ya ce ya ji tsoron kada abokan gaba su hangi wutar su gane ƙarancinsu. Aka karɓi uzurinsa.

Abin da ya ceci wannan runduna abu biyu ne. Akwai umurni daga sama wanda Abu Ubaida ya riƙe, akwai kuma ƙofar kai ƙara wadda kowa ya san tana buɗe idan an koma gida. Saboda haka ne mutum kamar Umar ya iya kwana cikin sanyi a ƙarƙashin umurnin da bai gamsu da shi ba. Makarantar mai wasiƙarmu ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun. Wanda ya ɗaura rigimar ya tafi abinsa, ya bar wa mutum biyu magana biyu, don kawai yana jin nauyin ya gaya wa dattijo cewa yaro ne zai riƙe makaranta. Wannan kunya tamu abin yabo ce a zaure, amma a wurin aiki sau da yawa ita ce tsagar bangon da ƙadangare yake samun wurin shiga. Kalma ɗaya mai ɗaci da za a faɗa a yini ɗaya, an guje ta, an sayo gabar wata huɗu.

Dubi yadda Manzon Allah ya yi sa'ad da ya tura Mu'azu ɗan Jabal da Abu Musa Al-Ash'ari ƙasar Yaman kafin Hajjin Ban-kwana. Ya yi musu wasiyya da su sauƙaƙa wa mutane, su bi juna, kada su saɓa. Amma bai tsaya ga wasiyya kaɗai ba, ya raba musu ƙasar, kowa da yankinsa, har ya zama idan ɗayansu ya zo rangadi kusa da iyakar ɗan'uwansa yakan biya ya gaishe shi. Malaman fiƙihu ma a kan wannan suka gina babin ijara: ba a ɗaukar mutum aiki sai an san aikin, an san ladan, an san wa'adin, domin abin da aka bari a duhu shi ne yake komawa husuma. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar lebura ko akawu ya ba shi takarda kafin cikar wata uku, wadda ta bayyana irin aikinsa da albashinsa da lokutan aiki da yadda za a rabu. Amma je ka kantunanmu da garejinmu da makarantunmu na Islamiyya ka tambaya, mutum nawa ne suke da irin wannan takarda? Sai ka ji an ce, ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba. Alhali kuwa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai take yi wa magana.

Wani zai ce, ashe ke nan maganin abin shi ne ɗaya ya yi irin ta Abu Ubaida. Haka ne, kuma da dattijon nan zai yi haka da ya ƙara girma a idon kowa, tun da mataimaki shi ne mai muƙami a rubuce. Amma a nan muna so mu ja kunnen masu shiga tsakani. Abin da Abu Ubaida ya bari haƙƙinsa ne na kansa, ya kuwa bar shi da zaɓinsa, shi ne babba kuma. Abin da muke gani a wuraren aikinmu akasin haka ne. An riƙe wa masinja albashin wata uku, ko an tsallake akawu a ƙarin girma don ba shi da kowa, idan ya yi magana sai a tara dattawa su ce masa ya yi haƙuri, Musulmi ba ya riƙo. Kullum ƙarami ake kai wa haƙuri, ba a taɓa kai wa babba gaskiya. Wannan ba sulhu ba ne. Suratul Hujurati da ta yi umurni da a sulhunta masu faɗa, ita ce kuma ta ce a tsaya a kan wanda ya yi zalunci har ya dawo, sa'an nan a yi sulhun da adalci. Malamai kuma sun haɗu a kan cewa sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal ɓatacce ne. Inda kuɗin gumin wani ya maƙale, a fara biyansa tukuna, gaisuwa ta biyo baya.

Sai kuma masu kai gulma, waɗanda ba a rasa su a ko wace ma'aikata. A da sai sun jira an tashi aiki su bi maigida gida, yanzu kuwa waya ta hutar da su tafiya. Ba mu da ta cewa a kansu illa abin da surar nan ta faɗa a aya ta 6, watau a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Laifinsu bai kai na shugaban da yake buɗe musu kunne ba. Manzon Allah ya hori Sayyidina Ali, sa'ad da zai tura shi alƙalanci Yaman, da kada ya yi hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Shugaban da ya sa hannu a takardar tuhuma ko ta canjin wurin aiki bai kira mai ita ya ji ta bakinsa ba, alƙalanci ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Manya daga cikin masu karatu za su tuna shekarar 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Niyyar gyara ce, kuma akwai ɓarna ta gaske da ake son kawarwa, amma saboda gaggawa an haɗa da mutanen da ba a saurare su ba, waɗansu kuwa takardun ƙorafin abokan hamayyarsu na ofis ne suka ci su.

Ga mai wasiƙarmu, shawararmu ita ce kada ya shiga ko wane gida daga cikin biyun, kada kuma ya ɗauki maganar wannan ya kai wa wancan. Su sami malamai biyu ko uku waɗanda duka ɓangarorin suke ganin girmansu, su rubuta wa shugaban makarantar, ko hukumar da take sama da shi, su nemi a aiko a rubuce wane ne mai riƙo, da abin da aka bar wa ɗayan. Dattijon nan a ba shi wani abu sananne da zai riƙe, kamar tarbiyyar ɗalibai, a kuma faɗi haka a gaban kowa. Game da gabar kuwa, a tuna musu cewa shari'a kwana uku ta yi wa Musulmi rangwame, ba wata huɗu ba, kuma sallama ba ta jiran sai an warware maganar makullin sito.

Akan kai wani matsayi inda zama tare ba ya yiwuwa, ko da an bayyana iyaka an kuma saurari kowa. A nan ma akwai abin koyi. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas shi ne jagoran Musulmi a yaƙin Ƙadisiyya, shi ne kuma ya kafa birnin Kufa a shekara ta 17, ya zama gwamnanta. Waɗansu mutanen Kufa suka kai ƙararsa wurin Halifa Umar, har suka ce bai iya salla ba. Umar ya kira shi ya ji ta bakinsa. Sa'an nan ya tura a bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar jama'a. Ko'ina yabo aka ji, sai a masallacin Banu Absin, inda mutum ɗaya ya miƙe ya ce Sa'adu ba ya fita da mayaƙa, ba ya raba daidai, ba ya adalci a shari'a. Ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Duk da haka Umar ya ɗauke shi daga Kufa, aka ba Ammaru ɗan Yasir, domin ya ga zaman ya riga ya gurɓace, barinsa a can fitina zai ƙara.

Shugabanni da yawa a nan suke tsayawa: an raba masu rigima, an rufe fayil, wanda aka ɗauke kuwa ya tafi da tabon da zai bi shi har 'ya'yansa, domin jama'a za su ce ruwa ba ya tsami banza. Umar bai bar abin haka ba. A shekara ta 23, bayan an soke shi, yana kwance a kan ciwon ajalinsa, ya sanya Sa'adu a cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu. Ya kuma shaida wa waɗanda suke wurin cewa bai tuɓe Sa'adu don gazawa ko ha'inci ba, ya yi wasiyya cewa idan ba shi aka zaɓa ba, to, duk wanda aka zaɓa ya nemi taimakonsa.