Kafin ka sayi biraket mai walƙiya, ɗauko tef ka auna

Yau da kai nake, kai mai kallon bidiyon motocin hotrod kana burin wata rana ka haɗa taka, da kai makaniken da ake kawo wa aikin ɗora injin wata mota a jikin wata. Maganata ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma sai na faɗa: duk wanda ya zaɓi biraket saboda kyansa kafin ya yi awo, kuɗinsa ya zubar, kuma injinsa ya sa a haɗari.

Ga wanda bai sani ba, hotrod al'adar Amurka ce, ta taso a kudancin Kalifoniya tun shekarun 1930, ta bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a ɗauki tsohuwar mota, kamar Ford ƙirar 1932, a rage mata nauyi, a ɗora mata inji mai ƙarfi. Wanda aka fi ɗorawa shi ne ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955, sai kuma magajinsa LS da ya fito a 1997. Shi kuwa biraket, shi ne mariƙin da ke riƙe oltaneta da kwamfuresan AC da famfon fawa sitiyari a goshin inji, domin bel ya juya su daga fulin karanshaf. Aikinsa ɗaya ne: ya tsayar da kowane fuli a layi ɗaya da 'yan uwansa, kada ya motsa komai girgizar inji.

To ina matsalar take? Kasuwar hotrod ta cika da biraket na alminiyum da aka sassaƙa aka goge, yana ɗaukar ido kamar madubi. Mutum ya gani a hoto, ransa ya biya, ya tura kuɗi. Kaya su iso, ramin noti bai zo daidai ba, ko fulin oltaneta ya wuce na karanshaf, ko bonet ya ƙi rufuwa. Daga nan sai a fara cusa washa ana cike gurbi. Malam, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Fara da famfon ruwa. A ƙaramin V8 na Chevrolet akwai gajeren famfo da dogo. Ka auna daga jikin inji zuwa fuskar da fuli ke zama a kai: gajere inci 5 da 5/8 ne, dogo kuwa wajen inci 7. Bambancin ya kai santimita 3 da rabi. Dogon ya shigo a motocin 1969, kuma kowanne da nasa fuli da nasa biraket, ba sa musaya. Masu Ford 1932 sukan zaɓi gajere saboda lagireto na kusa da inji ƙwarai, babu wurin ɓatawa. In ka sayi biraket na dogon famfo alhali gajere gare ka, babu washar da za ta cece ka.

Shi ma LS da nasa tarkon. Sunan ɗaya ne, amma nisan fulin karanshaf daga jikin inji kala uku ne. Na Corvette ya fi matsowa ciki. Na Camaro ta 1998 zuwa 2002 ya fi shi fitowa da kusan kashi uku cikin huɗu na inci. Na akori-kura da Camaro ta 2010 ya fi na Corvette fitowa da kusan inci ɗaya da rabi. Saboda haka ka ce wa mai kaya “LS gare ni” bai isa ba, sai ka san daga wace mota fulinka da famfonka suka fito.

Na uku, ka duba goshin tof silinda. Na Chevrolet da aka yi kafin 1969 ba su da ramukan noti a gaba, a lokacin a kan bututun hayaƙi ake ɗaura oltaneta. Biraket na zamani da yawa kuwa da waɗannan ramukan suka dogara. Leƙawar minti ɗaya za ta gaya maka ko kana da su.

Na huɗu shi ne wanda ke cin inji a ɓoye. Tsohon tsari siraran bel ne, kowanne da abin da yake ja, kuma famfon ruwa na juyawa ɓangare ɗaya da karanshaf. Sabon tsari kuwa bel ɗaya ne mai faɗi, mai layi shida a ciki, yana zagaye komai kamar maciji. A yawancin irin wannan tsari bayan bel ɗin ne ke jan famfon ruwa, don haka famfon baya-baya yake juyawa. In ka sauya zuwa bel ɗaya ka bar tsohon famfo, zai yi ta juyawa amma ruwa ba zai zagaya yadda ya kamata ba. Sai obahitin ya dame ka, ka sauya lagireto, ka sauya gasket, alhali ciwon na wani wuri. Fankar da ke kan famfo ma dole ta dace da ɓangaren juyin.

Sai batun wuri. Mota mai siririn gaba kamar Ford 1932 tana so a ɗaga oltaneta da kwamfuresa sama, a matso da su tsakiya. Mota mai faɗi amma bonet ɗinta ƙasa-ƙasa tana so a baje su gefe ko a sauke su ƙasa, nan kuma sai ka kula da shasi da akwatin sitiyari. Ka sa inji a mazauninsa, ka ɗaura lagireto da bututun hayaƙi, sannan ka auna abin da ya rage. Kuma ka fara yanke shawarar kayan da za ka ɗora tukuna, domin ƙafafun oltaneta CS130 da 12SI ba lallai su hau mariƙi ɗaya ba, haka kwamfuresan Sanden 508 ya fi ƙaramin SD7B10 girma. Biraket shi ke bin kaya, don haka shi ne sayayyar ƙarshe.

Na san wani zai ce, “Ai in ka sayi cikakken saiti mai tsada, komai ya zo tare, magana ta ƙare.” Da gaskiyarka rabi. Cikakken saiti yakan zo da famfonsa da fulinsa, ya raba ka da ciwon kan haɗa-haɗa. Amma kamfanin injinka kawai ya sani, bai taɓa ganin shasinka ba. Awon wuri har yanzu a wuyanka yake.

Wani kuma zai ce, “Ƙarfe ai ƙarfe ne, mai walda zai haɗa min da rana ɗaya.” Ba na raina aikin hannu, masu hotrod na farko ma da hannu suka ƙera nasu. A garejojinmu ma, duk ranar da aka ɗora injin Beljiyam a jikin wata mota daban, irin wannan aikin ake yi. Abin da nake faɗa da shi shi ne siririn ƙarfe mai ƙafa biyu da tarin washa. Oltaneta na da nauyi, bel na ja, inji na girgiza. Mariƙin da ba a tokare shi ta wuri uku ba zai riƙa lanƙwasa, yau da gobe ya tsage daga bakin walda. A yi shi da ƙarfe mai kauri, a sa masa tokara ta baya, inda ake son tazara a yanka bututu mai kauri daidai awo. Baƙin ƙarfe da aka yi haka ya fi alminiyum mai sheƙi da ke rawa.

In ka gama ɗaurawa, kada ka tayar da inji sai ka gwada layi. Ɗauko miƙaƙƙiyar rular ƙarfe ka kwantar a fuskar fulin karanshaf, ka auna daga rular zuwa layin farko na kowane fuli. Awon ya zo ɗaya. Siririn bel na da ɗan haƙuri, mai faɗin nan kuwa ba ya yafiya: ƙaramar karkata za ta sa shi kuka, gefensa ya zaizaye, boris ɗin oltaneta ya mutu da wuri.

Ka tuna abin da ke rataye a kan bel ɗaya. Ranar da ya fita kana kan gudu, lokaci guda caji zai tsaya, sitiyari ya yi tauri, ruwa ya daina zagayawa. In ba ka lura ka tsaya ba, cikin 'yan mintuna zafi zai iya lanƙwasa tof silinda, aikin wata da watanni ya tafi a banza. Tef da rula ba su kai kuɗin bel ɗaya ba. Ka auna famfo, ka auna fuli, ka leƙa ramuka, ka auna wuri, ka rubuta a takarda, sannan ka je kasuwa. In duka sun dace kuma kana da hali, to bismilla, sayi mai walƙiyar.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa, ya faɗi irin injinsa da motar da zai ɗora wa. Allah ya sa albarka a sana'a.