Hedimasta Mai Sanin Jama'a Shi Ke Riƙe Ɗan Makiyayi

Sanin kowa ne cewa tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar, Hausawa da Fulani ke noma da kiwo a Jazira da Nilul Azraƙ. Amma har gobe ɗan makiyayi ne ya fi saurin barin makaranta a can. Ba ƙin ilimi ba ne. Da rani shanu kan gangara kudu neman ruwa, yaro kuwa ya bi su. In ya dawo an cire sunansa, ga Larabci da ake karatu da shi ba harshen gidansu ba.

A nan ne ake gane hedimasta na gari. Wanda ya san mutane yakan taka har ruga, ya gaida arɗo, ya zauna da malamin halwa, ya ji ranar tashi da ta dawowa, sannan ya ajiye wa yaro gurbinsa. Wanda bai san komai ba sai takarda da bulala, shi ke mayar da ajinsa kango.

Yanzu nauyin ya ƙaru. Rikicin 2022 a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi ya raba Hausawa da maƙwabtansu. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ci Wad Madani da Sinja, aka rufe makarantu, wasu suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Yaran da iyayensu suka yi gaba, su ne za su zauna benci ɗaya. Sai mai haƙuri da adalci zai iya haɗa su.

Don haka muna kira ga hukumomin ilimi da su duba halin mutum kafin su ba shi makaranta, ba yawan shekarun aiki kawai ba. Ku kuma makiyaya da fataken shanu, ku shiga majalisar iyaye, ku sanar da hedimasta kafin ku tashi. Ba wanda ke damƙa garkensa ga wanda bai sani ba, balle ɗansa.

Allah Ya ba Sudan zaman lafiya, amin.