Kafin A Koma Aji, Mu Nuna Wa Ƙannenmu Kano



Dogon hutu ya zo gangara. A irin wannan mako ne iyalai daga Katsina, Haɗeja, Zariya, har Maraɗi da Damagaram, kan biyo ta Kano, a gaida dangi, a yanki yadin yunifom a Kantin Kwari, a sayi takalma da jakunkuna a Sabon Gari. Yara kuwa sai a bar su gaban talabijin, in an kyauta musu a kai su babban kanti su sha askirim. A ƙarshe yaro ya koma garinsu, ya je Kano amma bai ga Kano ba.

Iyaye na fama da lissafin kuɗin makaranta, saboda haka wannan aiki namu ne, mu yayye. Yini ɗaya ya isa, da kuɗin adaidaita sahu da ɗan abin biya a bakin ƙofa.

Mu fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta buɗe. Akwai matakala har sama, kuma yara kan riga mu kaiwa. Daga can za su hango Goron Dutse da hasumiyoyin Masallacin Juma'a, ga tsohon birni shimfiɗe a ƙasa. Nan ne wurin ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda mutanen farko suka zauna a gindin dutsen suna narka tama. Darasin da suka haddace don jarrabawa, yau ga shi a ƙarƙashin ƙafarsu.

Daga Dala sai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. An gina shi ne domin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Mu sa yara su dafa bangon ƙasar, su ji sanyin ɗakin alhali babu fanka. Tambayar da za ta biyo baya ta fi duk wani bayani da za mu yi musu.

Bayan azahar, a ci gurasa da tsire, a huta, sannan a nufi karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498. Marina na tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka, su ɗago shi iska ta buge shi, su sake tsomawa, har ya zama shuɗi. Yaro zai ga ƙyallen ya fito da ɗan kore-kore, ya rikiɗe a gabansa. Wannan ita ce kimiyyar da muke zanawa a allo, iskar ce ke juya launin. A kusa kuma za a ji amon masu bugu suna fito da ƙyallin tufa. Mu koya wa yara gaisuwa, da neman izini kafin ɗaukar hoto, domin wurin sana'ar mutane ne.

Idan da sauran ƙarfi, akwai Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ƙananan yara kuwa, gidan zu na Audu Bako zai fi burge su. Sai dai kada mu yi zari. Wuri uku da aka gani da natsuwa sun fi bakwai da aka ratsa ana jan yaro yana kuka. Mu riƙe ruwan sha, mu ƙirga kawuna duk lokacin da za a hau mota ko a sauka, mu rubuta lambar wayar babba a takarda mu sa a aljihun kowane yaro. In za a shiga Kasuwar Kurmi, lungunanta matsattsu ne, hannun ƙarami kada ya bar hannun babba.

Me ya sa muke gaggawa? Domin abin da muke cewa a je a gani yana ƙarewa. Ramukan rini da yawa sun bushe, tun da yadin waje ya fi araha. Ganuwar da aka soma ginawa a zamanin Sarki Gijimasu ta zaizaye, an ɗebi ƙasarta, an yi gini a kanta a wurare da dama. Wanda bai taɓa ganin abu ba, ba zai ji zafin rushewarsa ba. Ƙannen nan namu su ne injiniyoyi da kansiloli na gobe, a hannunsu shawarar rushewa ko gyarawa za ta kasance. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Wanda ya samu fita da ƙannensa, ya sa su rubuto mana abin da ya fi ba su mamaki, da hannunsu. Allah Ya mayar da kowa makarantarsa lafiya. Sai mako mai zuwa.